Me Ya Sa Ƙudan Zuma Ke Ƙaurace Wa Amya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Kiwon zuma gadonmu ne, kuma a zamanin mahaifina duk amyar da aka ɗaura a kan ɗorawa ba ta daɗewa ƙuda bai shiga ba. Yanzu rabin nawa babu komai a ciki. Shin feshin da maƙwabta ke yi wa wake ne ya jawo haka?
Daga mai karatu a Giwa, Jihar Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ɗora wa maƙwabta laifi, fara duba gindin bishiyar. Idan ka tarar da matattun ƙudaje a ƙasa ko a bakin amya, wasu kuma suna makyarkyata sun kasa tashi, to guba ce. Magungunan da aka saba fesa wa wake, irin su cypermethrin da lambda-cyhalothrin, ba sa bambance tsutsar da ke huda wake da ƙudan zuma, kuma tun da ƙuda yakan yi tafiyar kilomita biyu zuwa uku wajen neman fure, gonar da ba ka ko hango ta tana iya yi maka ɓarna. Furen wake da sassafe yake buɗewa, ya rufe kafin rana ta take, saboda haka abin da za ka roƙi manoma, cikin lalama, shi ne su mayar da feshinsu zuwa gab da magariba. Ka kuma ba su labarin irin wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, domin feshi biyu yana isarsa maimakon shida zuwa takwas.

Amma idan amyar wayam take, babu gawa ko ɗaya, ƙaura suka yi, kuma a ganina wannan ne manoman zuma suka fi yi wa sakaci. Ɗorawa da kaɗanya da gawo suna fure ne bayan damina ta wuce, lokacin da gonaki suka bushe, ga shi kuma gatarin masu itace da gawayi yana ta rage su. Ƙudan da ya rasa fure da ruwa a bazara ba ya zama. Ka ajiye musu ruwa a kasko a inuwa, da tsakuwa a ciki don kada su nutse. Ranar ɗibar zuma kuma a yi amfani da hayaƙi maimakon harshen wuta, a bar musu saƙar da ke ɗauke da 'ya'yansu da ɗan abin da za su ci kafin ruwa ya sauka.