Zoɓo ko kunun aya, wanne zan ajiye kusa da nama?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, ni daga Tudun Wada nake nan Zariya. Sati biyu da suka wuce na yi walimar saukar ƙanina, na soya naman rago, na yi masa da miyar taushe, ga alkaki da dubulan da aka kawo min daga cikin gari, abin sha kuma zoɓo kula ɗaya kunun aya kula ɗaya. Zoɓon nan ko awa bai yi ba ya ƙare, kunun ayan da na fi kashe wa kuɗi kuwa kusan rabi ya rage har ya yi tsami na zubar. Wata ƙawata da ta yi karatu a waje ta ce wai ban iya haɗa abinci da abin sha ba ne, wai Turawa har koyonsa suke. Da gaske ne ko tsokanata take? Babbar sallah na tafe, bana son a maimaita.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sa albarka a karatun ƙanin namu. Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, a manyan gidajen abinci na Faransa akwai ma'aikacin da ba shi da aiki sai zaɓa wa mutane giyar inabin da za ta dace da abin da suka yi oda. Ja mai nauyi suna haɗa ta da jan nama mai kitse, fara mai zaƙi kuma da abu mai gishiri ko yaji. Mu dai giya ba tamu ba ce, Allah ya tsare, amma harshen ɗan Adam ai ɗaya ne, kuma ja da farin namu suna nan cikin kulolinki guda biyu.

Kinga soyayyen naman rago, yanka uku za ki ci ki ji maiƙo ya lulluɓe miki harshe da saman baki, musamman in ya fara hucewa. Abin da baki ke nema a lokacin shi ne tsami da ɗan bauri, su ne ke wanke maiƙon nan mutum ya ji kamar yanzu zai fara ci. Toh zoɓo aikinsa kenan, shi ya sa baƙinki suka yi masa rubdugu ba tare da sun san dalili ba. Amma fa zoɓon nama daban yake da na ƙullin leda da yara ke saya a ƙofar makaranta. Ki dafa shi da kauri, citta da kanumfari da ɓawon abarba, sukari kaɗan. Kuma don Allah ki bar kanwa, na san mata da yawa na jefa ta don ta kashe tsami, sai kalar ta koma baƙi-baƙi, tsamin da kike kashewa kuma shi ne amfanin abin gaba ɗaya. Ni a ganina zoɓon da aka cika wa kanwa da filebo gara a ba ni ruwan randa.

Kunun aya kuwa ba laifinsa ba ne, wurin zama kika ba shi ba daidai ba. Aya tana da mai, ga dabino ga kwakwa, shi kansa rabin abinci ne, kin ɗora shi kan nama mai kitse da masa da ta sha mai, dole ya ginshi mutane. Inda yake haskawa shi ne gefen abu busasshe mai yaji. Ki sa maigida ya tsaya wajen masu tsire a PZ ko Samaru da daddare, a naɗo shi a takarda da albasa da yajin ƙuli har yana sa atishawa, ko kilishi mai jan barkono, ki kurɓi kunun aya mai sanyi a kai ki ba ni labari. Abin da ke sa barkono zafi baya narkewa a ruwa, mai yake bi, shi ya sa ko kofi uku na ruwa kika sha bakin na nan na raɗaɗi, amma abu mai maiƙo da zaƙi nan take yake lafar da shi. Nono ma ya fi kowa iya wannan.

Alkaki da dubulan kuma kar ki haɗa su da ko ɗaya. Bayan zaƙin alkaki zoɓo zai koma kamar tsamiya zalla, kunun aya kuma ya yi lami. Shayi mai citta ba sukari sosai, ko kindirmo, shikenan.

Maganar lalacewa, kunun aya baya da haƙuri ko kaɗan, a zafin garin nan in babu sanyi wanda aka yi da safe kafin la'asar ya fara juyawa, balle a ɗauke wuta firij ya zama akwati. Ki yi kaɗan, ranar da za a sha, kuma maimakon ki fasa ƙanƙara a ciki ya tsinke, ki jera robobin ruwa da suka daskare a kular.

Wani abu kafin in manta, in cikin baƙin akwai dattijan da ke shan maganin hawan jini kar a yi ta cika musu kofi da zoɓo mai kauri, yana sauke jini shi ma.

Don haka ranar sallah da washegari da ake ta suyar kayan ciki da nama, zoɓo ne a gaba, ki ninka na wancan karon. Kunun ayan ki bari sai kwana na uku ko na huɗu, lokacin da naman ya bushe a roba ana cinsa da yaji ana hira.