Gyaran tsohuwar K-38: a sake mata launi ko a bar ta?

Malam, ka ce ka sayi tsohuwar bindigar hannu ƙirar Smith & Wesson K-38 Masterpiece a nan Amurka, launinta ya koɗe, kana son sake mata launi da canza wasu kaya.

Kafin komai, duba cikin firam, wato gangar jikin bindigar, inda silinda (ɓangaren da ke juyawa, wanda ake zuba harsasai a ciki) ke buɗewa. In ba a buga lambar modal ba, ta girmi 1957, shekarar da aka koma kiranta Model 14. Irin wannan, da zarar an goge ta an sake mata launi, darajarta a wurin masu tara tsofaffin bindigogi ta faɗi, musamman in mai gogewar ya cinye rubutun jikinta. Ni dai da zan shafe tsatsar da mai da lallausan soson ƙarfe in ƙyale ta.

Ƙota kuwa canza abinka, amma adana ta asali. Sifirin mai laushi na kamfanin Wolff yana sauƙaƙa jan kunama, sai dai in ya yi laushi da yawa harsashi kan ƙi tashi. Kada ka kai magagari kusa da kunamar. Kai wa maƙerin bindiga ya duba ko silinda na kullewa daidai da bututu kafin ka harba.