Amsa: Ma'anar sunan cakulan Toblerone

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Toblerone sunan gari ne a Suwizalan. A'a, kalmomi biyu aka haɗa. Na farko Tobler, sunan Theodor Tobler, wanda ya ƙirƙiro cakulan ɗin da ɗan'uwansa Emil Baumann a birnin Bern a 1908. Na biyu "torrone", kalmar Italiyanci ce ta wata alewa da ake yi da zuma, sukari, farin ƙwai da 'ya'yan almon. Ƙananan gutsattsarin da kake ji suna ƙaras-ƙaras a cikin cakulan, irin wannan alewar ce, don haka sunan bayanin abin da ke ciki ne.

Duba haruffan da kyau: B, E, R, N suna cikin sunan bi da bi, ko da yake akwai wasu haruffa a tsakaninsu. Haka kuma a tsohon kwalin, cikin hoton dutsen Matterhorn, an ɓoye dabbar beyar, alamar birnin Bern.

A 2023 aka cire Matterhorn daga kwalin, saboda an mayar da wani ɓangare na sarrafawa zuwa Bratislava, babban birnin ƙasar Slovakia, kuma dokar Suwizalan ta taƙaita amfani da alamomin ƙasar ga kayan da aka yi a cikinta.