Muryata ta dishe wata uku, ina tsoron abin da ya sami Julie Andrews

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗaliba ce, shekarata 22, ina cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo na dandamali a makarantarmu, kuma ni ake bai wa waƙa. Yau wata uku ke nan muryata a dishe. Da safe takan ɗan washe, kafin la'asar ta koma kamar ta mai mura, in na ja waƙa sama sai ta yanke. Na karanta cewa tiyata ce ta kashe muryar shahararriyar mawaƙiya kuma 'yar wasa Julie Andrews, shi ya sa nake tsoron asibiti. Goggona ta ce beli ne, a kai ni wurin wanzami ya cire. Mai kemis kuma ya ba ni wasu ƙwayoyi, in na sha sai muryar ta buɗe kwana biyu. Saura mako biyar mu hau dandamali. Don Allah ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya ba ki lafiya. Tsoronki yana da dalili, sai dai kin ɗora shi inda bai dace ba.

Labarin matar nan gaskiya ne. An haifi Julie Andrews a Ingila a 1935, tun tana 'yar shekara 12 take waƙa a manyan dandamalin Landan, a 1948 ta rera a gaban Sarki George na Shida. Ta ƙetara Amurka a 1954, ta yi suna a Broadway, cibiyar wasannin dandamali ta birnin New York, da wasannin My Fair Lady a 1956 da Camelot a 1960, kafin fina-finai su ɗauke ta. Tana da shekara 60 ta koma dandamali a 1995 da wasan Victor/Victoria. Tsarin Broadway wasa takwas ne a mako, kowanne da waƙa da rawa, ki auna wannan a kan maƙogwaron da ya yi rabin ƙarni yana aiki. A 1997 aka yi mata tiyata a birnin New York don cire wani abu da ba ciwon daji ba ne daga tantanin muryarta. Ta farfaɗo, muryar waƙar ba ta dawo ba. Ta kai ƙara kotu a 1999, aka sasanta a 2000. Ta ci gaba da fim da rubuta littattafan yara da karanta labari, amma waccan murya mai hawa can sama ta tafi.

Abin da ya cuce ta tabo ne. Tantanin murya guda biyu ne a cikin maƙogwaro, na mace ko santimita 2 bai kai ba, kuma in kina magana suna kaɗawa wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Samansu akwai wani laushi mai kama da kitse, shi ne ke yin rawar da ke ba da sauti. In wuƙa ta ci wannan laushin, wurin ya warke da tauri, kuma har yau likitoci ba su da hanyar mayar da shi yadda Allah Ya halicce shi. Don haka ba ma gaggawar taɓa maƙogwaron mawaƙa.

Abin da kika kwatanta ya fi kama da kanta, irin wadda fartanya ke yi wa tafin hannun manomi, sai dai wannan a kan tantanin murya take fitowa saboda yawan gogayya. Na ce ya fi kama ne, don sai an leƙa da na'ura mai kyamara ake tabbatarwa. In ita ce, yawanci ba a yanka. Hutu da gyara yadda ake fitar da murya ke warkar da ita.

Yanzu mu zo kan maganar Goggo, don nan ne raina yake ɓaci. Kina gudun likitan da zai yi aiki da madubin ƙara girma a ɗakin tiyata, ga shi ana shirin zaunar da ke a kan tabarma a tsakar gida, a danne miki harshe da ɗan katako, a zura lanƙwasasshiyar wuƙa cikin bakinki. Beli ba ya yin murya. Ki buɗe baki gaban madubi, za ki gan shi yana reto a ƙarshen ganɗa. Tantanin murya kuwa yana can ƙasa, daidai wurin da kike jin ƙashin maƙoshi in kin taɓa wuya, ido ba ya kai wa gare shi sai da na'ura. Ko an cire beli yau, kantar tana nan inda take. Kowa da beli aka haife shi, ba ciwo ba ne, kuma ba ya tsawo ya fashe ya kashe mutum cikin dare kamar yadda ake tsorata iyaye.

Kusan kowane mako sai na ga aikin nan. An taɓa kawo mini wata budurwa da daddare, mayafinta jiƙe da jini, tana haɗiya tana amai, an yi mata tun da hantsi an ce ta kurkure da ruwan ɗumi zai tsaya. Sai da aka ƙara mata jini. Wata kuma hannun wanzamin ya zarce ya ci ganɗa, yanzu in ta sha ruwa ta hanci yake fitowa, maganarta ma ta hanci take fita. Wannan ta je wurin wanzami ne don a gyara mata murya, ta koma da wadda ta fi ta da muni. Ban ma yi maganar ciwon hanta da ƙanjamau da wuƙa ɗaya ke yaɗawa daga baki zuwa baki ba, balle ciwon sanƙarewar jiki (tetanus) da wuƙa marar tsafta ke jawowa. In ka yi magana a ce ai tun kaka da kakanni ake yi. Haka ne, kuma tun kaka da kakanni ake binne jarirai a ce kwana ne ya ƙare. Ina girmama wanzamai, akwai dattawan kirki cikinsu da ke turo mana marasa lafiya da kansu, amma wanda zai karɓi kuɗi ya yanki naman da ba shi da laifi, ya ji tsoron Allah. Jikin ɗan Adam amana ne. Ki gaishe da Goggo, ki ce likita ya roƙe ta ta bari a duba tukuna.

Ƙwayoyin kemis ki daina karɓa. Maganin da ke buɗe murya kwana biyu yawanci na sace kumburi ne irin su dexamethasone. Yana rufe ciwon ki ci gaba da tsala waƙa a kan rauni, har jijiya ta fashe a cikin tantanin. In kin daɗe kina sha kullum, kada ki yanke farat ɗaya, ki tafi da kwalin wurin likita ya tsara miki yadda za ki rage. Zuma da citta da kanumfari ba laifi, suna sanyaya maƙoshi, amma hanyar abinci suke bi, ba sa taɓa inda ciwon yake.

Dishewar da ta wuce mako huɗu sai an leƙa. Ki nemi sashen kunne da hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa mafi kusa da ke, kamar na Malam Aminu Kano, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Dubawar 'yan mintuna ce, kina zaune ido biyu. Kafin nan ki sha ruwa sosai, musamman da hunturu, ki rage surutu cikin hayaniya, ki bar yawan gyaran murya da kakari. Raɗa ma tana gajiyar da maƙogwaro, gara ki yi magana a hankali. In kina fama da ƙwannafi ki faɗa wa likitan, kuma kada ki kwanta da ƙoshi.

Batun wasan kuwa, ki sanar da mai ba da umarni tun yau ya fara koya wa wata waƙoƙinki, ya kuma nemo miki makirufo. Ko ke za ki rera ko ita, sai mun ga hoton maƙogwaron.