Tambaya da Amsa: An sayar mini da Fire Stick "buɗaɗɗe", yana ta mutuwa yana shanye data

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Fire TV Stick, 'yar na'urar nan ta kamfanin Amazon da ake kallo da ita ta intanet a talabijin, a wani shagon waya don yara su riƙa kallon fina-finan Hausa a YouTube, ni kuma in kalli ƙwallo. Mai shagon ya ce ya riga ya "buɗe" shi, tashoshin duniya duk kyauta. Na soka shi a bayan talabijin, na jona igiyar wutarsa a ramin USB na talabijin ɗin. Yanzu yana cikin aiki sai ya mutu ya sake tashi, kuma datar da ke kai mu wata ta ƙare cikin kwana huɗu. Jabu aka sayar mini? Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mutuwar da yake yi ba ita ce shaidar jabu ba, wuta ce ba ta isar sa. Na'urar tana son bolt 5 da amfiya 1, alhali ramin USB na yawancin talabijin rabin amfiya yake bayarwa. Zai kunna lafiya, amma da bidiyo ya yi nauyi sai ya faɗi. Ka nemo kan cajar da ya zo da shi a kwali, ka jona a soket, zai fi kyau ta bayan stabilaizar da talabijin ke kai. Kada ka bari ya sabunta manhajarsa a lokacin da janareto ke shirin shanye mai, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sabuntawa kan bar shi maƙale a kan tambarin kamfani. Akwai kuma guntuwar igiyar HDMI a kwalin da mutane ke yarwa. Ka yi amfani da ita: tana janye na'urar daga jikin talabijin, ta sha iska a zafin bazara, kuma ta fi kama Wi-Fi. In rimot ya ƙi magana, ka sa sababbin batura biyu ƙanana na AAA, ka danne maɓallin mai hoton gida daƙiƙa 10.

Batun data kuwa, lissafi ne. A ƙiyasin Netflix, awa ɗaya na matsakaicin hoto yana cin kusan giga 1, HD ya kai giga 3, 4K kuma har giga 7. Na'urar ba ta san cewa datar mifi (ƙaramar na'urar Wi-Fi mai layin waya) kake biya ba, mafi kyawun hoton da layinka zai iya ɗauka shi take ja. Shiga Settings, sai Preferences, ka kunna mai lura da data, ka sauke ingancin bidiyo zuwa Good, ka sa masa iyakar gigan da zai gargaɗe ka. A nan Preferences ɗin, ƙarƙashin Featured Content, ka kashe tallan da ke kunna kansa a shafin farko. A YouTube ka tsayar da hoto a 480p ko 720p. A talabijin mai inci 32 yara ba za su ga wani bambanci ba.

To, yanzu ga abin da ya fi damu na a wasiƙarka, wato wannan kalma ta "na buɗe shi". Kullum sai an zo da ita, kuma har masu ilimi suna faɗawa. Babu tasha ko ɗaya a cikin wannan na'ura. Ba dish ba ce, ba ta kama komai daga sama, duk abin da ka gani ta intanet ya zo kuma da datarka ka biya. Abin da mai shagon ya yi bai wuce minti goma ba: ya kunna izinin sa manhajojin da ba daga shagon manhajoji na Amazon suke ba, ya loda waɗanda ke satar tashoshi, ya ƙara maka kuɗi a kai yana kiran kansa injiniya. Ka tambaye shi wa ya rubuta manhajar, me take aikawa waje da dare, ba zai iya gaya maka ba. Shi ma a wani zauren WhatsApp ya samo ta.

Wanda ya kashe kuɗi ya ajiye manyan kwamfutoci yana watsa maka gasar Firimiya ba sadaka yake yi ba. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0, wadda ke zuwa a cikin akwatunan kallo na Android masu araha tun daga masana'anta, ko ta shiga lokacin da ake loda manhajoji daga wajen shagon hukuma. Wata guda bayan nan Google ta shigar da ƙara a kai, ta ce na'urori sama da miliyan 10 ne suka kamu. Aikin irin wannan manhaja shi ne ta ba wasu hayar layinka, su bi ta cikinsa su yi damfara da danna tallan bogi, adireshin intanet na gidanka ne zai bayyana, datarka ce za ta ƙone ko talabijin na kashe. Kuma na'urar tana kan Wi-Fi ɗaya da wayar da kake tura kuɗi da ita. Ga kuma tallace-tallacen caca da na batsa da ke faɗowa ba sallama, a falon da ka ce yara ne za su zauna. Ranar babban wasa kuma sai ta tsaya cak ana dab da cin ƙwallo, ba wanda za ka kai wa ƙara.

Saboda haka ka wanke shi tas. Da farko duba My Account ka ga sunan wa ke kai. Sau da yawa akawun mai shago ne, wanda ke nufin yana iya tura manhaja cikin na'urarka daga inda yake zaune. Shiga My Fire TV, ka zaɓi Reset to Factory Defaults. In ya tashi da tambarin Fire TV ya nemi akawun Amazon, na gaske ne. In kuwa ya buɗe da wani baƙon shafin Android bai tambaye ka komai ba, jabu ne, ka mayar masa da kayansa, kada ka sake haɗa shi da Wi-Fi ɗin gida. Buɗe akawun Amazon kyauta ne, da imel ɗinka za ka yi a waya. Bayan nan ka canza kalmar sirrin mifi, ka sauke YouTube daga shagon na'urar, ka kunna Parental Controls da lambar sirri. Ƙwallo kuma, ka duba ko manhajar masu lasisin nuna ta tana cikin shagon kafin ka biya su ko kobo.