Horon agajin gaggawa ga mai raka mutane daji

Malam, ka ce kana raka masu hawan duwatsun Kagoro, kuma kana neman horon da zai ba ka damar taimakon wanda ya ji rauni a inda asibiti ke da nisa.

Fara da kwas ɗin taimakon gaggawa na Red Cross, suna da reshe a nan Kaduna. Amma ka sani, a cikin gari kana riƙe majinyaci na ɗan lokaci ne kafin mota ta zo. A daji kuwa kana iya kwana da shi. Saboda haka ka nace a koya maka tsayar da jini, ɗaurin karaya da sanda da zane, da ɗaukar wanda ya bugu a baya ko wuya ba tare da an lanƙwasa shi ba. Ka yi ta gwadawa da hannunka, kallon bidiyo kaɗai bai isa ba.

Saran maciji ne ya fi damuna, musamman kububuwa, wadda dafinta ke hana jini daskarewa. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya, duk da dai an saba yin haka a ƙauyukanmu. A cire masa zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da maganin dafi, ko da ya ce ba ya jin komai.

Mai gudawa kuma, a haɗa masa ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Allura da ɗinki aikin ma'aikatan lafiya ne, kada ka taɓa. Kafin ku fita, ka san asibiti mafi kusa, ka kuma gaya wa wani hanyar da za ku bi da lokacin dawowarku.