Kada ka sake aika wani ya zaɓar maka jita

Tambaya: Malam, ni makaɗin jitar bes ne, wato jita mai kaurin murya, a nan Katsina, ina bin wata ƙungiya muna kiɗa a bukukuwa. Bara na yi hatsarin babur, wuyan hannuna na hagu ya karye, kafaɗar ma ta bugu. Da na warke sai na ba ɗan baffana, mai zuwa kasuwar Alaba ta Legas saro kayan wuta, naira dubu 320 ya sayo mini jita. Ya kawo mai tsirkiya biyar, kyakkyawa, amma ba na rabin awa da ita sai yatsuna su mutu. Yanzu kwasar adashina ta zo, dubu 500. Ina so in sake ba shi ya sayo wadda ta fi tsada, in fara bin situdiyoyin Kano, don an ce can kuɗin yake. Me ka gani?

Amsa: Ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Amma ka ba ni mamaki. An yi maka cinikin biri a sama, ka sha wuya, yanzu kuma za ka sake tura mutumin nan da kuɗin da suka fi na farko?

Ban ce ɗan baffanka ya cuce ka ba. Wataƙila ma ya yi maka ciniki mai kyau. Matsalar ita ce hannunsa lafiya lau yake, kafaɗarsa ba ta taɓa sanin ɗori ba, kuma shi fanka da soket ya sani. Ya shiga shago, ya ga mai sheƙi, mai tsirkiya da yawa, ya ce wannan ce ta manya. Ai ba laifinsa ba ne. Kai ne ka aika shi ya gwada da hannun da ba naka ba.

Ka duba abin da ya kawo maka. Bes ɗin da aka saba da ita, tun daga wadda kamfanin Fender ya fitar a 1951, tsawon tsirkiyarta inci 34 ne, nauyinta kuma yakan kai kilo 4 ko ya ɗara. Mai tsirkiya biyar wuyanta ya fi faɗi, sau da yawa ta fi nauyi, wasu ma tsawonsu inci 35. Wato duk abin da hannunka ba ya so, an haɗa maka shi wuri guda. Tsada ba ta gyara wannan. Ta miliyan ma in wuyanta ya yi maka faɗi, yatsun za su mutu a daidai lokacin da suka saba mutuwa.

Abin da za ka nema shi ne gajeriya, mai inci 30, tsirkiya huɗu. Gaɓoɓin wuyanta sun fi kusa da juna, don haka ba sai ka baje yatsu sosai ba, tsirkiyar kuma ta fi laushin dannawa. Akwai Squier Bronco, akwai Mustang, akwai Ibanez Mikro da ba ta ma kai inci 29 ba. Sababbi a kasuwarmu sai an tona, amma 'yan gwanjo sukan faɗo. Ka hau mota da kanka, Sabon Garin Kano ba nisa, in ta kama Legas ɗin ma ka je. Ka rataya ta a kafaɗa, ka tsaya, ka kaɗa minti ashirin ko talatin. In mai shago ya ɓata rai, ka bar masa kayansa.

Na san wani tela a Ƙofar Marusa da shan inna ya taɓa masa ƙafar dama. Ƙaninsa ya sayo masa babban keken ɗinki daga Kano, mai kyau ƙwarai, sai dai matakin yana gefen ƙafar da ba ta aiki. Kunya ta hana shi cewa a mayar. Keken ya shekara lulluɓe da zani, ƙarshe aka sayar da faɗuwa, kuma har yau 'yan'uwan ba sa son a tayar da zancen. Aiken ɗan'uwa ke nan: in kaya bai yi ba, ba ka da bakin ƙorafi.

Kafin ma ka kashe ko sisi, gwada gyaran da bai kai dubu hamsin ba. Yawancin bes suna zuwa da tsirkiyoyi masu lambar kauri daga 45, wato siririyar, zuwa 105, wato mai kaurin. Sauka zuwa 40 zuwa 95. In fatar yatsun ke ciwo, akwai mai santsi, akwai kuma wadda aka naɗe da roba. Mai santsin tana daɗewa, sai dai wata takan yi tauri, ta robar ta fi taushi. Sannan ka kai wa wanda ya iya ya sauke tsirkiyar kusa da wuya. Hunturun Katsina yana busar da katako, wuya ya lanƙwashe, tsirkiya ta tashi sama, kai kuma kana ta matsawa da ƙarfi ba ka san dalili ba. Ka sayi maratayi mai faɗin inci 3 ko 4, kuma ka zauna ka yi kiɗanka, babu uwar amaryar da za ta rage maka kuɗi don kana kan kujera. In ka sayi gajeriyar, ka haɗo da tsirkiyarta kashi biyu, don ta doguwa ba ta zama daidai a kanta, kuma ba ka son ranar biki ta tsinke ka rasa.

Mutuwar yatsu kuwa ba maganar ɗan kasuwa ba ce. Ka ware wani abu ka ga likitan ƙashi, ko a Asibitin Koyarwa na nan Katsina ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Zancen situdiyo kuma, ka cire shi a lissafi tukuna. Yawancin waƙoƙin da ake bugawa a can da fiyano da kwamfuta ake haɗa bes ɗinsu, mai situdiyo ba zai biya ka kan abin da yatsa ɗaya ke yi masa kyauta ba. Wa ya ce maka can kuɗin yake? Shi nawa ya samo? Bukukuwan nan su ne abincinka.

Mai tsirkiya biyar ɗin, sa ta a kasuwa yanzu tun tana sheƙi. Ko dubu 250 aka taya, ka sallama. Ka ɗora kaɗan daga adashin ka sayi gajeriyar, sauran su zauna a asusu har ka ga hannun yana iya kai biki ƙarshe.